Rabin waƙar Inna kawai na riƙe

Assalamu alaikum. Ni zabiyar amada ce daga wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta, kuma akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, shi ya sa na ce bari in sauke ta inda mata 'yan'uwana za su ji. A shekarun da nake ba ku labari ina da ƙuruciyata, ina da murya, ina kuma da girman kan da ya fi muryar. In na buɗe baki a tsakar gida, matan maƙwabta sukan bar tuwo a kan wuta su leƙo ta katanga. Na san haka sarai, kuma sanin ne ya cuce ni.

A hannun wata tsohuwa na koyi waƙa. Ba ita ta haife ni ba, amma duk ƙasarmu Inna ake ce mata, ni ma haka nake ce mata. Ita ce zabiyarmu, mu kuma 'yan amshi da makaɗan ƙwarya. A cikinmu akwai wadda nake kira Yaya, ta girme ni da kaɗan, tun tana yarinya take bin Inna. Ita ke kaɗa babbar ƙwaryar da ake kifawa a cikin ruwa, wadda amonta ke riƙe da sauran. Yaya ba ta da murya ko kaɗan, in ta yi waƙa har tsokanarta muke yi, amma duk abin da ya shiga kunnenta ya zauna ke nan. Allah Sarki, wancan zamani. Da an kai gero da dawa rumbu, an tuge gyaɗa, sai bukukuwa su taso. A turo mana kurar shanu, mu loda ƙoranmu a buhu, mu hau muna taunar rake, muna ratsa gonaki da ƙauyukan da ke manne da juna. Kafin mu isa, yara sun riga mu da gudu suna cewa ga su Inna nan. Mu wuni muna kiɗa, mata na rawa suna guɗa, mu dawo da goro da atamfa da ƙwaryar gero, muryoyinmu a dushe, muna ta dariya a hanya.

Inna tana da waƙoƙi da yawa, amma akwai wata doguwa da take rufe taro da ita. Waƙar tafiya ce. Takan faro daga ƙofar gidanta, ta bi hanya ƙauye bayan ƙauye, a kowanne ta tsaya ta gaida matan da suka taɓa saukar ta: mai daddawa, ungozoma, mai kitso, wadda ta ba ta ruwa a ranar zafi, kowacce da sunanta da kirarin da Inna ta yi mata. Haka za ta zagaya har wajejen Zakirai, sannan ta dawo gida. Waɗannan mata ba masu kuɗi ba ne, babu wanda ya taɓa yi musu waƙa in ba Inna ba. Ni amshi kawai nake yi, ban damu da riƙe baitocin ba. Da ciwon ajali ya kama Inna, ta kira mu biyu. Ta ce ni zan gaje ta saboda murya, amma doguwar waƙar tana cikin kan Yaya, in je in karɓa a wurinta kafin shekara ta zagayo. Na ce to.

Ban je ba. Ina hawa matsayin zabiya na ce wa 'yan ƙungiya daga yau an daina waƙoƙin Inna, ni ba zan ƙare rayuwata ina maimaita bakin wata ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne duk inda muka je sai a ce ga yaran Inna, ni kuwa so nake a ce ga wance. Na shiga ƙirƙirar nawa, ina ɗora su a kan karin waƙoƙin fim da 'yan mata ke ji a waya, don a lokacin yaran nan masu sifika da janareto sun fara cin kasuwar biki. Yaya ba ta yi mini musu ba. Abin da kawai take yi, duk ranar da muka kusa tashi sai ta matso ta ce a hankali ko za mu rufe da ɗaya daga cikin na Inna. Ni kuma in harare ta, in ce in marmarin tsofaffin kaya take yi ta je kasuwar gwanjo. Wallahi haka na faɗa mata, a gaban mutane, ba sau ɗaya ba.

Abin bai karɓe mu ba. 'Yan mata suna da na asali a wayoyinsu, me za su yi da kwaikwayon wata mai ƙwarya? Tsofaffi kuma su zauna su zuba mana ido kamar baƙi. Aka koma ba mu ɗan lokaci kaɗan bayan azahar, muna cikin kiɗa za ka ji an tayar da janareto, alamar mu tattara. Kiɗan da muke ɗoki ya zame mana nauyi. In aka aiko gayyata sai in fara neman dalilin ƙin zuwa. Wannan ta ce mijinta ya hana, waccan ta ce ƙafa, har muka watse ba tare da wani ya ce an watse ba. Na koma soya ƙuli-ƙuli, ƙoran kiɗa na zuba musu wake. Shekaru suka wuce a haka. In na ji kiɗan biki daga nesa sai in shige ɗaka, kuma duk wanda ya tambaye ni sai in ce zamani ne ya kashe amada.

Ana nan sai auren autar Yaya ya tashi. Ta zo gidana da kanta, tana tafe tana hutawa, don hawan jini ya fara taɓa ta. Ta ce ba ta taɓa roƙona komai ba, yau ta zo roƙo: a yinin bikin 'yarta tana son amada, kuma waƙoƙin Inna take so, ba nawa ba. Maganar ta soke ni, amma kunya ta hana ni cewa a'a. Muka nemo waɗanda suka rage a cikinmu, muka zazzage waken, muka wanke ƙorai. Ni dai a raina na ƙudurta dabara. Sunayen da ke cikin waƙoƙin nan yawancin masu su sun rasu, don haka zan cire su in sa na matan 'yan kasuwar Dawanau da za su zo bikin, ko banza a yi mana liƙi.

Ranar yini muka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar gidan. Yaya ta kifa ƙwaryarta a ruwa ta buga. Na ɗauko wata waƙar Inna da na fi riƙewa. Da na zo wurin sunan farko, na jefa sunan wata Hajiya da ke zaune a kujera. Ban rufe baki ba tsofaffin da ke jikin bango suka amsa da sunan asali, da ƙarfi, suka danne muryata. Na sake gwadawa a baiti na biyu, suka sake mayar da ni hanya. Sai na saki. Na bi waƙar yadda Inna ta bar ta, gidan kuwa ya ɗauka gaba ɗaya. Matan da ban taɓa ganin sun yi rawa ba suka ɗaure gyale a ƙugu. Ita kanta Hajiyar da na so in yi wa fadanci ta taso tana hawaye, ashe sunan da na so in goge a baiti na uku na kakarta ne. 'Yan matan da nake tsoron dariyarsu suka kewaye mu suna tambayar iyayensu wace ce wance. Mai sifika ya zauna a kan akwatinsa har la'asar sakaliya, ba wanda ya neme shi. Da muka zo rufewa aka ce a yi doguwar. Yaya ta matso kusa da kunnena tana faɗa mini baiti ina rerawa, muka ɗan taɓa farkonta muka tsaya, don ta gaji. A hanyar gida na ji kaina ina waƙa ni kaɗai, abin da na manta rabon da in yi.

Daga wannan biki gayyata ta ɓalle. Suna, yini, walimar dawowa daga Makka, kowa cewa yake a zo a yi na dā. Ɗokin da na ɗauka ya mutu ya dawo mini sabo. Tun jajibiri nake wanke ƙorai, in kasa zama wuri ɗaya. Yanzu a-kori-kura ke ɗaukarmu maimakon shanu, amma dariyar hanya ita ce dai ta dā. In an ce ga yaran Inna, sai in ji daɗi har cikin raina, ni da furfura ta fara fito mini. Na je na durƙusa wa Yaya na ba ta haƙuri, ta ce in tashi, ba ta riƙe ni da komai ba, amma in zo mu fara aikin da Inna ta bar mana. Muka fara. Da hantsi in je gidanta, muna ɓarar gyaɗa tana faɗa ina maimaitawa, in na yi kuskure ta buge mini gwiwa da ɓawo. Ba ta yarda a wuce ƙauye sai na riƙe matan cikinsa duka. A haka muka ci kusan rabin hanya.

To a nan na sake yin sake, kuma wannan karon ba girman kai ba ne, daɗi ne ya ɗauke ni. Kaka ta shigo, bukukuwa suka yi yawa, ita kuma Yaya jiki ya hana ta bin mu, wata muka sa a kan babbar ƙwarya. Takan aiko a ce in zo mu ƙarasa, in ce a gaya mata sati mai zuwa. Rannan na biya a tsaitsaye, mota na jirana a waje, ta riƙe mini gefen zane.

"Ƙanwata, sauran matan nan suna kaina, kuma kan nan ya fara nauyi."

Na ce mata da an gama bukukuwan kaka zan zo in tare a gidanta, har sai ta kore ni. Na zare zanena na fita. Ba a gama bukukuwan ba ciwon ya buge ta, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya karye. An kai ta asibiti, an yi na Hausa, rai dai ya tsaya amma magana ba ta dawo ba. Na zagaya wurin tsofaffin da suka yi mana amshi a bikin. Kowacce ta san baitin ƙauyensu da na maƙwabta, na tsinci abin da na tsinta, sauran kuwa babu wanda ya riƙe.

Kwanakin baya aka kai mu wani ƙauye kusa da Zakirai, can inda ban kai ba a waƙar. An yi rawa an yi guɗa, da na zo rufewa na yi doguwar har inda na sani na tsaya. Muna naɗe tabarma wata mata ta zo ta tsuguna a gabana, za ta yi sa'ata. Ta ce mahaifiyarta ungozomar garin ce, tana cikin waƙar, tana ƙarama ta taɓa jin Inna ta ambace ta, amma ta manta yadda aka ce. Tun safe take zaune tana jiran a iso garinsu. Na ce zan yi wa mahaifiyarta sabon baiti yanzu-yanzu, mai daɗi. Ta girgiza kai.

"Na gode, Inna. Wancan ɗin nake so in ji."

Ni ta kira da Inna. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban ɓoye mata ba, na ce ban karɓa ba, lokacin da ake ba ni ina sauri.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so masu kiɗa da waƙa su ji, har da waɗanda sana'arsu ba waƙa ba ce. Yin waƙar magabata bai rage ni da komai ba, shi ya dawo mini da sana'ata da farin cikina bayan na zubar da su da hannuna. Amma daɗin tafi da guɗa yana sa mutum ya manta da wanda ya ba shi abin da ake tafa masa. In kuna da tsoho ko tsohuwa da ke riƙe da wani abu a ka, ku bar bikin wannan satin ya wuce, wani bikin zai zo. Ku je ku zauna.

Ni yanzu ina zuwa, duk Juma'a. In zauna a bakin gadon Yaya in rera mata doguwar tun daga ƙofar gidan Inna, ita kuma tana buga kiɗan a kan katifa da hannunta na hagu. In na zo inda ilimina ya ƙare sai in yi shiru. Ita ba ta tsayawa. Hannun ya ci gaba da bugawa, leɓenta na motsi, tana bin ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya tana gaida matan, ni kuma ina zaune ina kallon bakinta ban jin ko suna ɗaya.