Gopal Ɗan Dutse da Bizar da Ban Nema Ba

Jama'a, wannan abu ba ji na yi ba, a kaina ya faru, kuma Allah ne shaidata ban ƙara masa gishiri ba. Lokacin ina aiki a wani ofishin kago a Al Sabkha, cikin Deira ta Dubai, ina auna kayan 'yan kasuwar Kano kafin a loda a kwantena. Akwai wani ɗan Nepal mai suna Gopal da ke mana dako, gajere kakkaura, ya girme ni nesa ba kusa ba. Shekara shida muna tare, har ya iya gaisuwar Hausa da zagi biyu-uku da alhazai suka koya masa. Ɗan Dutse muke ce masa, shi kuwa Aboki yake kirana.

Mutumin nan ba shi da hira sai ta ƙasarsu. Da mun zauna cin abinci sai ya jera kwali uku kamar matakala, ya ce na ƙasan nan kudu ne wajen iyakar Indiya, fili ne da zafi kamar garinku. Na tsakiya tuddai ne inda ake yanka gona hawa-hawa a jikin dutse, nan ƙauyensu yake. Na sama kuwa, wajen iyakar China, duwatsu ne da ƙanƙara ba ta barinsu rani da damina. Ya ce yawancinsu Hindu ne da 'yan Buddha, akwai Musulmi nan da can, kuma in na je kada in kuskura in nemi naman saniya, in haƙura da shinkafa da miyar wake safe da yamma. Ni kuma in tsokane shi, in ce wanda ya hau Dala sau biyu me zai gani a dutsenku.

Ana nan ciwon ƙoda ya kama shi, dole ya bar aiki ya koma gida. Ranar da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce sai na zo na ga ƙauyensu, na ce wallahi zan zo. Daga nan na shiga yau da gobe. Azumi ya zo kaya sun yi yawa, bayan salla ban samu hutu ba, bayan wannan kuwa ba ni da abin faɗa, lalaci ne kawai. Har kusan shekara, sai 'yarsa ta turo min saƙo cewa jiki ya yi tsanani, kullum yana tambayar Aboki.

A ranar na sayi tikiti. Zancen biza ko a jikina, domin Gopal ya sha faɗa min cewa a filin jirginsu ake buga wa baƙi, ka dai zo da fasfo mai sauran wata shida. Abokan zamana a unguwar Hor Al Anz ma haka suka ce. Babu wanda ya tuna, har da ni, cewa koren fasfonmu ba ya cikin wannan layin.

Da hantsi na isa filin jirgi. Matar da ke teburin duba tikiti ta juya fasfona, ta duba na'urarta, ta ce ɗan Najeriya sai ya karɓo biza daga ofishin jakadancin Nepal a Abu Dhabi kafin ya hau. Na yi magiya, na yi hayaniya, ta ce khalas, wato magana ta ƙare. Gaskiyarta ce kuwa.

Na samu kujera na zauna raina a jagule, sai na ji wani sanyi ya daki gefen jikina, ba irin na na'urar sanyi ba, wani mai danshi da ƙaurin hayaƙin itace. Ina waigawa sai ga Gopal zaune kusa da ni, sanye da tsohuwar rigar sanyi mai kauri a tsakiyar zafin Dubai, takalminsa duk jar laka.

Ya ce, "Aboki, ka yi haƙuri. Ban san fasfonku daban ne ba."

Ku ji wautata. A zatona ya warke ne ya dawo neman aiki bai gaya min ba, ni kuwa dama an san ni da saurin hawa. Na rufe shi da faɗa, na ce ashe lafiyarka ƙalau ka sa 'yarka ta tayar min da hankali, na bar aikina ina ta wahala a banza. Na ce masa maƙaryaci. Da bakina na faɗi kalmar nan. Bai rama ba, sai ya ce a hankali, "Ko ka zo ma hanya ta toshe, ruwa ya zubo da dutse. Koma gida, Aboki."

Na fizgi jakata na yi gaba. Ban yi taku ashirin ba zuciyata ta sauko, na juyo in ba shi haƙuri mu je mu sha shayi. Babu kowa a kujerar. Na taɓa ta na ji a jiƙe, sanyi ƙarara. Wata dattijuwa da ke zaune a gefe ta tambaye ni ko lafiya, wai tun ɗazu take ganina ina faɗa ni kaɗai.

Da la'asar 'yarsa ta kira ni tana kuka, ta ce ya cika da hantsi. Wai tun safe ya matsa sai an sa masa rigar sanyi da takalmi, zai sauka taryen baƙonsa, suka sa masa don hankalinsa ya kwanta, alhali ko zama ba ya iyawa. Na tambaye ta hanya, ta ce tun jiya dutse ya zubo ya rufe ta.

Na tambayi malamai, wani ya ce aljani ne, wani ya ce gajiya ce. Ni dai na san abin da na gani, kuma har gobe in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Shawarata gare ku, kafin ka sayi tikitin kowace ƙasa ka binciki dokar fasfonka kai, kada ka bi na maƙwabcinka. In kuma mara lafiya ya aiko kiranka, ka ajiye komai ka tafi.

Daga baya na je Abu Dhabi aka ba ni bizar ba wata wahala, ta ƙare a cikin fasfo ban taka ko'ina ba. Yarinyar tana gaishe ni duk salla, amma har yau ban gaya mata na ga babanta ba, domin na san za ta tambaye ni me na ce masa.