Kwanon da Baffa Ya Tura wa Idi

Jiya ƙanshin miyar kifin tabki ya shigo daga gidan maƙwabta, sai na tuna Baffa, yayan mahaifina da ya riƙe ni.

Baffa ba ya cinye tuwonsa. Yakan rage loma biyu, ya tura kwanon ga yaron da yake so albarkarsa ta bi. Tun ina ƙarami ni yake tura wa. Ɗansa Idi sai dai ya kalla.

Shekarar da ni da Idi muka gama lise, wato babbar sakandare, a Maradi, wani mutum ya zo daga Yamai yana neman ɗaliban da za su karanci lissafin kuɗi a jami'a. Ya ce kwantabul, wato akanta, ba ya rasa aiki: banki, duwan (kwastan), kamfanin gyaɗa. Na fi Idi lissafi, garinmu Madarunfa duk ya sani. Amma gona na buƙatar ɗayanmu.

Da magariba Baffa ya ci, ya rage, ya lashe yatsu. Har na miƙa hannu, sai kwanon ya wuce ni.

"Baffa, ni fa?"

"Idi in ya riƙe hauya yunwa za ta kashe mu," ya ce. "Kai ne ba ni iya rabuwa da kai."

Idi ya tafi jami'a, ni na zauna gona. Yanzu ya yi ritaya da gidan siminti da mota. Har yau in ya gaishe ni, nakan amsa a taƙaice in wuce.

Allah ya jiƙanka, Baffa, ya sanyaya makwancinka. In ya haɗa mu a Aljanna, ka turo mini kwanon.