Sunan da Na Yi Alkawarin Ɓoyewa

A shekarun da nake aika wa wata tashar rediyo ta ƙasar waje rahoto, ni ba ma'aikacinsu ba ne. In labarina ya yi musu su ɗauka, in bai yi ba su watsar. Wata rana a Dandin Mahe, wani dattijo manomin albasa ya faɗa mini yadda ake karkatar da takin manoma zuwa gidajen 'yan jam'iyya.

"Ɗana, ka sa maganata, amma kada ka faɗi sunana," in ji shi.

Na yi masa alkawari, na kuma rubuta wa editana haka ɓaro-ɓaro. Da aka watsa rahoton, da cikakken sunansa aka fara.

Ranar kasuwar Shagari muka haɗu. Bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Sun cire ni daga ƙungiyar manoma. Mi na yi maka?"

Nan take na kira editan. Wai suna ne ke ƙara wa labari nauyi, shi bai ga abin tashin hankali ba. Na ce masa yana can zaune a ofis, ni ne zan ci gaba da haɗa sahu da mutanen nan a masallaci. Sai ya kashe wayarsa.

Sau biyu ina komawa ba dattijon haƙuri. Ya ce ya yafe, amma a ƙauyen babu wanda ya sake yarda ya yi magana a gaban rikodata. Editan kuwa har yau bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban huce ba.