Ragon Suna a Babban Mutum

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Daura, ni da abokina Bakano, a tsohuwar motar yayana wadda sai an lallashe ta take tashi. Gari bai gama wayewa ba. Masu shayi ne kaɗai suka hura wuta, sai wani dattijo da ke share ƙofar shagonsa. Muka bi ta kusa da Kusugu, inda na kai baƙon nawa jiya ya sha ruwa ya ce bai fi na rijiyar gidansu daɗi ba, sannan muka ɗauki hanyar Zango.

Waɗanda suka daɗe suna bin rubutuna sun san karatu ne ya kai ni Maleshiya, kuma har yanzu ban gama ba, hutu ne ya kawo ni gida. A can mu uku muka zauna gida ɗaya a saman wani dogon bene: ni, da wannan Bakano, da wani ɗan garin Babban Mutum, ta ƙasar Baure, da muke ce wa Na-Baure. Ba mu san juna a Najeriya ba. A ƙofar masallacin makaranta na ji wani yana mita da Hausa don takalminsa ya ɓace, na waiwaya, shi ke nan. Daga ranar tukunyarmu ta zama ɗaya. Na-Baure ne mai tuƙa mana tuwo da garin shinkafa, kuka da daddawa kuwa duk wanda ya je gida shi zai kawo, mu yi ta tattalinsu kamar magani. A shekarata ta farko zazzaɓi ya kwantar da ni a asibiti. Shi ya zauna da ni har aka sallame ni, ya kuma hana a faɗa wa mahaifiyata sai da na miƙe da ƙafata.

Saboda shi muka yi wannan tafiya. Da ya gama karatu ya samu aikin koyarwa a can, ya auri wata 'yar ƙasar, musulma mai natsuwa, wadda ta koyi gaisuwar Hausa tun kafin a ɗaura aure. Sai dai ya ji nauyin mahaifinsa, ya faɗa wa mahaifiyarsa da kawunsa, ya bar musu su nemi lokacin da ya dace su sanar da tsohon. Kafin su samu lokacin, tsohon ya ji labarin a bakin wani a kasuwar dabbobi. Tun daga nan bai sake karɓar wayar ɗansa ba. Bai yi faɗa ba, bai yi masa baki ba. In an miƙa masa waya sai ya ce yana da abin yi. To ga shi gab da tahowarmu matar ta haihu, namiji, aka sa masa sunan kakansa. Wannan karon Na-Baure ko mahaifiyarsa bai faɗa wa ba. Da ya raka mu filin jirgi ya riƙe hannuna ya ce, "Ba na so ya sake jin labarina a kasuwa. Ku je da ƙafarku ku gaya masa. In ya kore ku, ku yi haƙuri da shi."

Kaka ce, hanya kuwa ta yi kyau da kallo. An yanke gero an jera dammuna a gonaki, dawa ta yi nauyi ta sunkuyar da kai, mata sun zauna a inuwa suna tsinkar gyaɗa. Amalanken shanu na tafe a gefen titi, ba su damu da hon ɗin kowa ba. Wani babur ya wuce mu da mutum uku da akuya a tsakiyarsu, akuyar ce ma ta fi su natsuwa. Abin da na fi jin daɗinsa shi ne ido yana kaiwa nesa. A Maleshiya duk inda ka juya itatuwan kwakwar manja ne sun tare ka, ga ruwan sama kusan kullum da yamma. Nan kuwa sai ka hangi gawo guda can a ƙarshen gona, ka hangi sama ta sauko ta taɓa ƙasa.

A tashar Zango muka tsaya karin kumallo. Na je wajen wata mai ƙosai na miƙa mata abin da na saba bayarwa kafin in bar ƙasar, na ce ta zuba na mutum biyu. Ta dubi kuɗin, ta dube ni, ta ce, "Alhaji, daga wace shekara ka fito?" Mutanen da ke kan benci suka fashe da dariya, har da Bakanon da ya kamata ya tare mini. Na ƙara, ta zuba, ta yi mana gyara saboda tausayi. Ƙosan ya yi daɗi, da zafinsa, ga yaji mai ƙamshin citta, kokon ma da tsaminsa daidai. Mai kuwa ba mu samu a gidan mai ba, sai a kwalabe a bakin hanya, shi ma tsadarsa ta sa Bakano ya ce da mun sani da mun hau amalanke.

Daga Zango zuwa Baure titin yana da kyau a wasu wuraren, a wasu kuma sai ka zaɓi ramin da ya fi sauƙi ka faɗa. Akwai shingayen jami'an tsaro da yawa saboda kusancin iyaka. Suna leƙa bayan mota su ga 'yar jakar tsarabar da muka ɗauko, yadi da man zafi na tsohon, da mayafin da matar Na-Baure ta aiko wa surukarta, su ce mu sauka lafiya. Tsakanin shinge da shinge muka yi ta shirya maganar da za mu yi. Bakano, wanda a can ko da mai tasi ɗan Indiya sai ya ja hira har a sauke mu, ya ce shi zai fara. Ya tsara jawabi mai tsawo a kan zumunci da yafiya. Muna wuce Baure sai na ga ya koma kallon taga. Da muka hango rumfunan Babban Mutum ya ce, "Ka san dai kai ne ɗan ƙasar nan. Kai za ka fi iya bakinsu."

Garin ƙarami ne, amma yana da motsi. Ga motoci masu lambar Nijar, ga raƙuma an durƙusar da su a bayan kasuwa, ga buhunan kanwa an jera. Ana ciniki da naira da sefa, ba mai ruɗewa. Ba mu sha wahalar samun gidan ba, don kowa ya san tsohon da ke kiwon raguna. Muka same shi a ƙofar gida ƙarƙashin bishiyar bedi yana kwaɓa dusa a wani babban kwano. Dogo ne, siriri, gemunsa fari fat. Na-Baure gajere ne, amma goshin da idanun duk na uban ne.

Muka yi sallama, muka durƙusa muka gaishe shi. Ya wanke hannu, ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka biyo da fura. Gaisuwa ta yi tsawo: hanya, da damina, da mutanen Daura, da mutanen Kano. Sai da muka sha furar sannan ya ce, "Ku ne abokan zaman wancan." Ba tambaya ba ce. Ba ya kama sunan, don ɗan fari ne.

Na ce, "Mu ne, Baba. Shi ya aiko mu."

"Lafiyarsa ƙalau?"

"Lafiya lau. Ya ce mu zo da kanmu mu shaida maka, kafin kowa ya ji. An yi masa haihuwa, namiji. Kai aka yi wa takwara."

 Tsohon ya ɗauki wani ɗan kara yana zane a ƙasa. Wani rago ya yi kuka a cikin gida, ya juya ya saurara, ya dawo da kansa.  Bakano ya sunkuyar da kai, jawabin nan nasa ko kalma ɗaya ba ta fito ba.

Can tsohon ya ce, "Uwarsa ta sani?"

"A'a, Baba. Kai ne na farko."

Ya ɗaga ido ya dube ni sosai, kamar yana auna gaskiyata. Sannan ya tambaya ko mai jego ta sauka lafiya, wa ya yi wa yaron huɗuba, wa ya yi masa aski. Muka amsa. Sai ya ce, "Me aka yanka?"

Bakano ya samu bakin magana, ya ce awaki biyu, haka al'adar can take in namiji ne.

"Awaki," in ji tsohon. "To, ba laifi. Masu ƙiba ne?"

Muka kalli juna. Dole muka faɗi gaskiya: ba mu gan su ba. A can ta waya ake biya, wasu su yanka su dafa, a kawo maka naman da shinkafa a cikin robobi.

Ya ajiye karan. Ya ce, "Yaro mai sunana, a ce ba wanda ya taɓa ƙahon dabbar sunansa?" Ya miƙe ya ce mu biyo shi.

Garken yana bayan gida, an share shi tas. Ya wuce raguna da dama bai ko dube su ba, ya je ga wani fari mai baƙin wuya wanda aka ɗaure shi daban. Daga baya maƙwabcinsa ya raɗa mana cewa an sha taya ragon nan ya ƙi sayarwa. Tsohon ya shafa bayan ragon, ya kwance igiyar da kansa, ya miƙa wa Bakano ya ce, "Riƙe. Ka taɓa shi da kyau, don in ka koma ka ba da labari." Sannan ya aika a kira liman da mahauci, ya shiga cikin gida. Ba a jima ba muka ji guɗa.

Kafin azahar ƙofar gidan ta cika. Duk wanda ya zo, tsohon da bakinsa yake faɗa masa: an yi mini takwara a ƙasar waje. Liman ya yi addu'a, aka raba goro da dabino. Aka soya kayan ciki aka kawo mana da zafinsu, aka biyo da tuwon gero miyar kuka, irin wanda muka yi shekaru muna kwaikwayo da garin shinkafa ba mu kama ƙafarsa ba. Da mutane suka ragu na fito da waya na nuna wa tsohon hoton jaririn. Ya nisanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Farin na uwarsa ne. Kunnuwan dai namu ne, Allah ya ba shi haƙurin ɗaukarsu."

Aka shigar da mu muka gaida mahaifiyar Na-Baure. Ta yafa mayafin da aka aiko mata a kan wanda ke jikinta, duk da zafin da ake yi. Ba ta tambayi ɗanta ba ko sau ɗaya, kunyar ɗan fari ta hana, sai dai ta yi ta tambayar ko yarinyar tana da mai yi mata wankan jego, ko tana samun abinci mai ɗumi. Ta haɗa mana gero surfaffe da kanwa da kayan yaji ta ce a dama wa mai jego kunu. Ban iya ce mata ban san ko za a bar mu mu shiga jirgi da su ba. Na karɓa da hannu biyu.

Bayan la'asar muka yi sallama. Tsohon ya rako mu har mota, ya sa aka saka mana cinyar ragon. Na yi ta maza na ce, "Baba, ko in kira maka shi?"

Ya girgiza kai. "Ba yau ba, yau ina da baƙi. Ka ce masa ya kira da hantsi, bayan na ba dabbobi abinci. Kuma ya sa yaron kusa, in ji kukansa."

Sai da muka fita daga gari muka tsaya a gefen wata gonar dawa muka kira Na-Baure. Can dare ya yi, amma bugu ɗaya ya ɗauka. Bakano ya ƙwace wayar, bakinsa ya dawo, ya ba da labarin ragon tun daga ƙaho har wutsiya, ya ƙara masa girma har ya kusa zama ɗan maraƙi. Da ya zo kan maganar hantsi sai muka ji shiru. Muka ɗauka layi ne ya yanke. Can muka ji Na-Baure ya ce, "Hantsin nan ƙarfe nawa ne a wajenmu?"  Muka lissafa masa, muka bar shi.

Mun shigo Daura ana kiran magariba, da ƙura a jiki da cinyar rago a bayan mota. Abin da na koya a tafiyar nan ba mai yawa ba ne, amma ya zauna mini. Mu da ke zaune a waje mun saba aika labarinmu ta hannun wani, mu ce muna jin nauyi, ko muna jiran lokacin da ya dace. Tsohon nan ba auren ne ya ɓata masa rai ba. So yake a zo ƙofar gidansa, a zauna a tabarmarsa, a faɗa masa kafin duniya ta ji.

Ni ma akwai maganar da na zo da ita nake ta juyawa: an yi mini tayin aiki a can in na gama, kuma na yi niyyar in bar wa yayana ya sanar bayan na koma. Da na idar da salla na shiga ɗakin mahaifiyata, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na faɗa mata duka. Ta saurara har na gama, sannan ta turo mini kwano ta ce, "Na ji, kuma na ji daɗi da ka faɗa mini da bakinka. Ci tuwonka tukuna, gobe ma yi maganar."