Mama Lallashi Za Ta Ajiye Farar Riga

Kowace safiya, kafin ta shiga ɗakin jarirai, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta cire takalminta mai ƙwas-ƙwas, ta zura silifas. Daga nan sai ta kasa kunne. Tun ba ta ga fuskar kowa ba ta san wa ke kukan yunwa, wa ya jiƙe, wa kuma kewar cikin uwarsa kawai ke damunsa. Ta kashe rediyon masu jinya, ta kunna tsohuwar fankar da ke lungu ta kau da fuskar fankar daga gadaje, don ba iskar take so ba, shuuu ɗin take so. Sannan ta bi su gado-gado tana gaisarwa kamar ta yi manyan baƙi: "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya? Wa ya taɓa min kai?"

Nas ce a asibitin unguwarmu. Mu da muka bi ta hannunta, Mama Lallashi muke ce mata. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, ni kuwa na ga bai kamata ta tafi ba a faɗi alherinta ba.

Na san ta a ranar da ba zan manta ba. An yi wa matata aiki aka ciro 'yarmu ta fari, jini ya ɓalle, aka wuce da ita ɗakin da ba a barin kowa ya shiga. Aka bar ni da jaririya mai tsala kuka tun hantsi har azahar ta gota. Ta ƙi madara, ta ƙi barci, fuskarta ta yi jajir. Yayata ta jijjiga ta har hannunta ya sage. Ni kuwa mai walda ne, ƙarfe hannuna ya sani. Ina tsaye jikin bango, zuciyata rabi a nan rabi a wurin uwarta.

Mama ta zo ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne baban? Wanke hannu, zauna, buɗe maɓallin rigarka."

"Mama, ni fa ban iya ba. Kada in karya ta."

"Ba a karya mutum da ƙauna. Zauna."

Ta kwantar min da ita a ƙirji, kunnenta daidai zuciyata, ta rufa mata zani. Ta ce in rufe baki in yi ta "hmmm" daga can cikin ƙirji, a hankali, ba hawa ba sauka. Na ce muryata ai sai ta ƙara razana ta. Mama ta yi dariya.

"Wannan gurnanin naka shi nake nema. Kuna tsammanin cikin uwa shiru ne? Zuciya na bugawa, jini na gudu kamar an buɗe famfo, hanji na ƙugi. Yaro ya fito, sai ku ce kowa ya yi tsit. Ai dole ya nemi gida."

Ina gurnani, ita tana "shhh, shhh" a gefe tana ɗan bubbuga bayanta. Kukan ya fara yankewa, ya koma shessheƙa. Can sai yarinyar ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, jikinta ya saki, barci ya ɗauke ta. Da ta farka ta karɓi madara. Sai a lokacin na lura hawayena sun jiƙa zanin. Mama ta yi kamar ba ta gani ba, ta ce, "Ci gaba. Kafin uwarta ta tashi, kai ne uwar."

Uwar ta tashi, alhamdu lillahi. Yarinyar yanzu har ta shiga makaranta, kuma surutunta ya fi injina.

Ba ni kaɗai ba ne shaida. Mai sharar ɗakin ta ba ni labarin wata kurma da ta haihu, ta zauna tana kuka don tana ganin 'yan'uwanta mata na yi wa 'ya'yansu waƙa ita ba hali. Mama ta kama hannunta ta ɗora a kan nata maƙogwaron, ta yi amon, matar ta ji rawarsa a tafinta. Sai ta mayar mata da hannun kan wuyan ita matar. Haka suka yi ta yi har matar ta kama, ta kwantar da ɗanta da muryar da ita kanta ba ta taɓa ji ba.

Mama tana da faɗa fa. In ta ga an manna wa jariri waya a kunne da sunan ƙarar ruwan sama, nan take za ta ce, "Rage, ka ajiye ta nesa! Kunnensa ɗanye ne." Kuma ba kowane kuka take lallashi ba. In ta ji wanda bai kwanta mata ba, da gudu take kiran likita.

Mama, ke ce inuwar sabon baƙo. Ke ce kika karɓi 'ya'yanmu a ranar da mu iyayen muka fi su ruɗewa, kika kwantar da su, kika kwantar da mu. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma matasan nas-nas da za ku gaje ta, da maƙwabtan mai jego, da mu maza masu tserewa waje da zarar yaro ya buɗe baki, abin nan ba ya buƙatar murya mai zaƙi. Haƙuri yake so, da ƙirji. Ku je ku koya tun tana kusa.

Shekaranjiya na tambaye ta me za ta yi in ta bar aiki. Ta gyara gilashinta ta ce, "Barci, ɗana. Ni ma a bar ni in yi barci."

To je ki huta, Mama. Allah ya ba ki mai daɗi, irin wanda kika ba 'ya'yanmu.