Kwalbar da Mma Awabu Ta Binne

A unguwar Maamobi, in ka ce ba ka san Mma Awabu ba, to baƙo ne kai. Shekara talatin tana zaman unguwarzoma, rabin masu tuƙa motar haya ta trotro a layin Nima ita ta yanke musu cibiya. Kowace haihuwa, ita ke wanke mabiyiya, ta naɗe a farin ƙyalle, ta nuna wa dangi inda za su binne. Naman ɗan Adam, in ji ta, ba na bola ba ne.

Tana da shekara hamsin da takwas jini ya dawo mata, bayan ta daɗe da daina al'ada. A asibiti likita ya kankaro ɗan nama daga cikin mahaifarta. Wata nas ta miƙo mata naman a kwalba da takarda, ta zuba Turanci kamar ana korarta, ta kira na gaba. Shi ke nan fa bayanin!

To me Awabu za ta yi da namanta? Abin da ta saba. Ta haƙa rami a gindin katanga, ta yi bisimilla, ta binne, ta zauna jiran sauƙi.

Wata tara jini bai tsaya ba, sai 'yarta Zuhura ta ja ta suka koma.

"Mama, ina sakamakon?" in ji likita.

Ashe ɗakin gwaji aka ce ta kai. Likita ya ce a naman nan akwai alamomin da ke nuna ko kaurin da bangon mahaifa ya yi na zama lafiya ne, ko kuwa ya kama hanyar ciwon daji. Da an gani tun lokacin, cire mahaifar kaɗai ya isa. Yanzu abin ya ƙetare mahaifar.

Nas ɗin nan da ta ba ta kwalbar ta taɓe baki, irin na raina mu Hausawan unguwa. "Mutanen Zango ke nan."

Kai, jama'a! Wannan ita ce ke da bakin magana? Kalma biyar da Hausa, ko da yaren Twi ma, da ta wadatar. Masu jin Hausa sun cika bencin jira, amma ba wanda aka kira. Abin nan har yau yana ƙona mini rai.

Zuhura ta miƙe za ta yi faɗa, uwar ta riƙe mata hannu. Ta dubi nas ɗin tsaf.

"'Yata, shekara talatin ina miƙa wa mutane naman jikinsu. Ban taɓa sakin hannuna ba sai na tabbata sun san inda za su kai shi."