Baba Isiyaku da agogon da na ɗaura wa rake

Ina cikin buɗe shago da safen nan aka kira ni daga Malumfashi. Baba Isiyaku ya faɗi a gona ana karyar masara, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yanzu muka dawo daga kai shi. Na kasa zama a wurin gaisuwa, na kasa cin abinci. Bari in rubuta ko na ji sauƙi.

Ga wanda bai san shi ba, tsohon ma'aikacin gidan gurzar auduga ne a nan Funtua, da ya ajiye aiki ya koma garinsu noma. Ba dangina ba ne. Amma in kun taɓa ganin na rubuta abu mai ma'ana a shafin nan, shi ne sila. Ni a aji huɗu na firamare na tsaya. Shi yake tara mini tsofaffin jaridu da littattafan 'ya'yansa a buhun taki, duk shigowarsa gari ya sauke mini. In na karanta sai ya sa in ba shi labari. In na yi shirme ya ce, "Sake dubawa dai, Sarkin Baki."

Haka yake kirana, kuma bai yi mini ƙarya ba.

Yana da hawan jini. Duk bayan sati biyu sai ya je kemis an ɗaura masa abin awo a dantse, har abin ya gundure shi. Bayan ƙaramar salla ya zo shagona, inda nake sayar da caja da kayan waya, ya ce 'yarsa ta matsa ya sayi agogon nan na zamani mai duba lafiya. Iri biyu ne a wurin maƙwabcin shagona, ya ce in zaɓar masa.

Ɗaya baƙi ne, ba ado. Cajinsa na yin sati, yana ƙirga bugun zuciya da taku, yana girgiza in lokacin shan magani ya yi. Ɗayan mai ruwan gwal ne, fuska faffaɗa, ana amsa waya da shi, a kwalinsa an rubuta yana auna hawan jini har da suga.

Kwana uku na yi ina karatu a kansu. Na gano mai gwal ɗin ba ya auna komai, lamba kawai yake jefo wa mutum.

Da ya dawo na ce, "Baba, baƙin za ka ɗauka."

Ya ce, "Yana auna jini?"

Na ce a'a, amma ba ya ƙarya.

Ya ce, "To taku zai ƙirga mini? Ni da nake zagaye gona tun kafin a haifi ubanka?"

Da na ja shi cikin shago na yi masa bayani a hankali, da ya ji. Mutum ne mai jin magana in an gaya masa a asirce. Ban yi haka ba. Na miƙa hannu baron mai rake na ɗauko gutsure, na ɗaura wa raken agogo mai gwal ɗin, na danna. Ya nuna awon mai cikakkiyar lafiya. Na ɗaga sama na ce, "Jama'a ku zo ku gani, rake ba shi da hawan jini. Baba, kai da raken nan likitanku ɗaya."

'Yan acaba suka fashe da dariya. Dattijo mai jikoki, a bakin titi.

Shi bai yi dariya ba. Ya kwance agogon daga jikin raken, ya goge da hannun riga, ya ɗaura a nasa hannun. Ya ce wa maƙwabcina, "Wannan nake so."

Daga nan ya daina zuwa kemis. Yau matarsa Inna Hajara take gaya mini ko maganin ma sai ya ga dama yake sha. In ta yi magana sai ya nuna mata hannu.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar kasuwar Bakori da ta wuce. Yana zaune a kan buhu, ya dafe ƙeya. Ya yafito ni, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Sarkin Baki, in an gama karyar masara ka raka ni asibiti. Kan nan na sara mini."

Babur ɗina na nan a gefe, da mai a ciki. Abin da ya kamata in ce shi ne, taso mu tafi yanzu.

Sai na ce, "Agogon ya tafi hutu ne?"

Ya dube ni, ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Kai dai ka zo."

Na ce zan zo. Na hau babur ina jin daɗi na ci gardama. Wallahi abin da na ji ke nan, ba zan ɓoye ba.

A wurin jana'iza kowa na cewa kwana ne ya ƙare. Na sani, na yi imani da haka. Amma na gaji da masu cika mana kasuwa da kayan da ke gaya wa marar lafiya lafiyarsa ƙalau, na gaji da mu da muke zaune kusa da su muna kallo, na fi gajiya da bakina.

In akwai irin agogon nan a hannun babanka ko innarka, kai su a auna su da abin awo na gaskiya. Kuma ka gaya musu a ɗaki, ku biyu.

Allah Ka jiƙan Baba Isiyaku, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa kowane harafi da ya koya mini ya zame masa haske. Allah Ka ba Inna Hajara da 'ya'yansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In kun gama, ku roƙa mini gafara ni ma, don ban samu na roƙe shi ba.